Wurin Zaman Yasira

Shafi na 17

Daga Halimatu 'yar Yelwa

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," to ga shi nan, ku bar ni in huta. Wuta ce ta yi mana yaji a unguwa, sai da na kai wayar caji bakin kasuwa. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa Sahabi mijin nuna wa tsara ne, karanta wannan tukuna, sannan ki dawo mu yi magana.

*

Tun bayan azahar Tamada ya baje tabarma a tsakar gida ya hau tsara tafiyar Kaiama, kai ka ce alhazai zai kai Makka. Tamada ƙanin Sahabi ne, direba, kuma idan ya buɗe baki sai wanda ya gaji ya tashi. Gobe da sassafe za su mayar da babbar yayarsu Zulai'atu ɗakin mijinta, bayan ta zo ganin Inna ta yi wata guda a Yelwa. Tafiya ce ta yini cur. Daga gida sai Zamare, a ɗora mota a jirgin fito a tsallaka Rofiya, sannan a kama hanyar Borgu mai ramuka har Kaiama.

Mufida matar Sahabi tana bakin murhu tana juya kifi a mai, Jamilu na barci a bayanta. Duk gidan ba wanda ya kai ta ɗokin tafiyar nan. Tun da aka ba da hutu a makarantar da take koyarwa take shiri, ta yi dambun kifi, ta karɓo ɗinki, ɗazu kuma ta tura 'yarta ta fari, Yasira, gidan Laraba mai kitso.

Tamada ya ce, "Ku dai ku ji ni da kyau. Jirgin ga ba ya tashi sai ya cika, in kuma ya cika ba ya jiran kowa. In munka makara manyan motoci sunka riga mu, to yini za mu yi bakin gulbi muna kallon masunta."

Inna Aminatu, mahaifiyarsu, tana kan kujera 'yar tsugunne tana jan carbi. Ta ce, "Sai ku yi sammako."

"Kuma in mun kai kowa sauka za shi yi. Ba a hawa da mutum cikin mota. Ni ɗai za ni hau da ita bisa katako, ku ku biyo da ƙahwa."

Mufida ta yi dariya. "Kai ɗai? Alhamdu lillahi. In ka zarce da ita cikin ruwa mu dai mun tsira."

"Matar Yaya, ni da gulbin ga mun san juna tun ba ki iya hura wuta ba."

"Har yanzu kana cin abin da na dafa dai."

Sahabi yana gefe yana ɗaure kaya. Buhun shinkafa, kwalin busasshen kifi, jarkar man gyaɗa, da wata 'yar sabuwar katifa da ko ledarta ba a cire ba. Mufida ta kalli katifar.

"Baban Jamilu, wannan fa? Ko a jirgi za ka kwanta?"

Bai ɗago ba ya ce, "Ta Yaya ce."

Yaya Zulai'atu tana zaune kusa da Inna tana ninke zannuwanta. Ita ma ba ta ɗago ba.

Tamada ya ci gaba da rabon wuri. Yaya Sahabi a gaba. Yaya Zulai da matar Yaya a baya, Jamilu a cinya, Yasira a tsakiya. Kaya a but, katifa a sama.

"Zuwa ɗai za mu matsu," in ji shi. "Dawowa kam sarari gare mu. Wurin da Yasira taz zauna doya za ni cika shi da ita, doyar Kaiama ba a baro ta."

Mufida ta sake yin dariya tana tsame kifi. "Ita kuma bisa doyar za ta zauna? Kai dai Tamada Allah shi shirye ka."

Ba wanda ya taya ta dariyar.

Carbin Inna ya tsaya. Sahabi ya saki igiyar da ke hannunsa. Tamada ya kalli wansa, ya kalli uwarsa, sai ya hau sosa ƙeya.

Mufida ta ajiye matsamin a hankali.

"Tamada."

"Na'am, matar Yaya."

"Na tambaye ka. A dawowa ina yarinyar za ta zauna?"

"Ni... wallahi na ɗauka an hwaɗa maki."

"An faɗa mini me?"

"Bari in duba iskar taya," ya ce, ya suri takalmansa ya yi waje. Jama'a, mutumin da tun azahar bakinsa bai rufu ba, yau shi ne da gudu ba a kore shi ba.

Mufida ta juya wajen mijinta. Kifi na ƙonewa a bayanta, ko waiwaye ba ta yi ba.

"Baban Jamilu, katifar wa ce waccan?"

"Mufida, shiga ɗaki mu yi magana."

"A tsakar gida aka ƙulla, a tsakar gida zan ji. Katifar wa ce?"

Inna ce ta amsa. Murya a kwance, kamar mai faɗin farashin gishiri.

"Ta Yasira ta. Wurin gwaggonta za ta zauna. Mi na na abin tada murya ciki?"

Mufida ta ja da baya. Ta dafa bangon kicin.

"Ta zauna? Hutu za ta yi can?"

"Riƙo," in ji Inna. "Zulai za ta riƙe ta. An samo mata makaranta can, an gama komi."

"An gama komai."

"An gama."

"Ni kuma da na haife ta sai yaushe za a gaya mini? In mun hau jirgi? Ko sai mun juyo na ga doya a wurinta?"

Sahabi ya ce, "Da mun isa na yi niyyar in zaunar da ke..."

"Da mun isa! Ka kai ni ƙasar da ban san kowa ba, gulbi a tsakanina da gidan ubana, sannan ka zaunar da ni? Shi ya sa aka ce in zo in ga gari? Ni ina nan ina ta suyar kifi, ashe guzurin rabuwa da ɗiyata nake soyawa!"

"Ki rage murya, maƙwabta na ji."

"Su ji! Su da suke maƙwabta ma wataƙila sun riga ni sani."

Inna ta ajiye carbin a cinya. "Ke Muhida. Ba yau anka yi maganag ga ba. Ran sunan yarinyag ga, cikin ɗakin can, gaban mata, Zulai tad ɗauke ta tac ce wagga tawa ta, in ta yi wayo za ni zo in ɗauka. Kina zaune. Kin ce a'a?"

Mufida ta tuna ranar sarai. Tana 'yar yarinya, haihuwar fari, ɗaki cike da dangin miji, ta ja mayafi ta rufe fuska har ƙirji. Mata suka yi guɗa, aka yi dariya, aka wuce wurin.

"Inna, ranar ko ruwa aka tambaye ni ina so ba zan iya amsawa ba."

"Kinka yi shiru. Mu kuwa munka ɗauka kin bayar."

"Shirun kunya ne!"

"To kunyar ta ci gaba mana. Ɗiyar hwari ta. Wa kinka taɓa gani ya tsaya yana jayayya bisa ɗan hwari? Ni nan da kike gani, Zulai ba ni nir riƙe ta ba. Ina yaye ta, uwar mijina tat tahi da ita Shanga, ban ko leƙa zaure ba."

A nan ne ni Halimatu raina ya ɓaci. Mufida tun da ta haifi yarinyar nan take bin al'ada sau da ƙafa. Ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce "yarinyar nan" ko "'yar Inna." Ba ta ɗaukarta a gaban surukai. Ko mijinta ba ta taɓa ce masa Baban Yasira ba, sai da aka haifi Jamilu ta samu sunan kiransa. Duk unguwa ana yabonta, ana cewa 'yar boko ce amma ta san alkunya. Ashe duk wannan yabon tara mata shi ake yi a matsayin shaida.

Inna kuwa ta fito da shi fili. "Ke da ko sunanta ba ki hwaɗi. Ko ta hwaɗi ƙasa gabana ba ki ɗaga ta. Yau kuma za ki nuna muna ke ad da ɗiya?"

"Ku kuka koya mini haka! Ku kuka ce haka ake yi!"

"To haka akan yi har ƙarshe."

"A gabanku ne ba na ɗaga ta, Inna. Kin san abin da nake yi in na rufe ƙofar ɗakina? Kin san wa ke zama da ita in zazzaɓi ya kama ta? Kin san ba ta cin kifi sai an cire mata ƙaya an murmushe, ba ta barci sai ta riƙe gefen zanina?"

Yaya Zulai'atu ta yi magana a karon farko.

"Muhida, ni ba da mugunta nike nuhi ba. Shekarun ga duka ɗakina shiru. Ko takalmin yaro babu bakin ƙohwata. Ke ga wani nan bayanki, kuma Allah na iya ƙaro maki. Wallahi awa tsoka ɗaya za ni riƙe ta."

Tausayi ya ɗan taɓa Mufida, don ba ta taɓa ƙin matar nan ba. Amma takaicin ya fi ƙarfi.

"Yaya, da kin zo kin same ni a ɗaki kin faɗi haka, da mun yi kuka tare. Ban ce da na ba ki ba, amma da mun yi magana irin ta mutane. Wata guda muna ci a kwano ɗaya. Ni nake haɗa miki ruwan wanka. Kina kallona ina auna yarinyar nan a wajen tela, kin san kayan barin gida ake ɗinka mata, ba ki ce mini komai ba."

Zulai'atu ta fashe da kuka. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta tashi ta nufi zaure. Mufida ta bi ta da kallo, a ranta ta ce kunya ce ta kore ta, kuma ta cancanci ta ji kunyar.

Inna ta miƙe. "Kin sa babbar ɗiyata kuka cikin gidan ubanta. Madalla."

"Ni kuma tawa ɗiyar fa?"

"Sahabi, ka ji da matarka. Ni ban iya musu da ɗiyan zamani." Ta ɗauki kujerarta ta bi bayan Zulai'atu.

Sai a lokacin Mufida ta ji ƙaurin kifi. Ta sauke kaskon, ta janye itacen, ta wuce ɗaki. Sahabi ya biyo ta ya sakaya ƙofa.

Jakar tafiya na kan gado. Ta zuge ta, ta fara zaro kayan Yasira ɗaya bayan ɗaya tana jefawa cikin kwaba. A ƙasan jakar ta ci karo da abin da ba ita ta saka ba: kayan makarantar yarinyar, da allonta, da 'yar tsanar roba mai hannu ɗaya da take wasa da ita.

Ta ɗago 'yar tsanar. "Wannan ma kai ka saka?"

"Mufida, ki saurare ni."

"Ina ji. Yau kam ina da kunne."

"Yaya Zulai ita ta yi wahalata. Lokacin da Baba ya rasu ita ta tsaya mini har na zama mutum. Ba ta taɓa roƙona komi ba sai wannan. Da wane baki za ni ce mata a'a?"

"Da bakin da ka ce mata to."

"Kaiama ba bangon duniya ba ce. Duk hutu za a kawo ta."

"A kawo ta ta ina? Ta gulbin da Tamada ya gama faɗa mana ana yini a bakinsa? In ta kwana da zazzaɓi, in tashi in ce wa masu jirgi su tashi ba su cika ba, ɗiyata ba ta da lafiya?"

"Yaya za ta kula da ita."

"Ban ce ba za ta kula ba. Na ce ba a tambaye ni ba. Akuyar gidan nan ma da za ka sayar sai da ka yi shawara da ni."

Ya zauna a bakin gado ya dafe kai. "To ya kike so in yi? Magana ta riga ta fita. Mijin Yaya ya sani, danginshi sun sani, har ɗaki an gyara. In na janye yanzu ina za ni sa fuskata?"

"Fuskarka." Ta gyaɗa kai. "To ka ji tawa. Ni na ɗauki cikinta. Ni na sha wankan jego ruwa na tafasa. Shekarun nan ina haɗiye sunanta don in kare muku fuska, yau na gama."

Ta taka ta buɗe ƙofar da ya sakaya, ta tsaya a bakinta yadda duk gidan zai ji.

"Sunanta Yasira! Yasira ɗiyata ce, ni Mufida na haife ta! Kuma Yasira ba ta hawa jirgin nan gobe!"

Wata maƙwabciya da ke leƙe ta kan katanga ta yi saurin sauke kai. Jamilu ya farka ya tsala kuka.

Sahabi ya miƙe. "Kin san abin da kika yi kuwa? Inna na ji."

"Don ta ji na faɗa."

"In kika hana, ba ni kika kunyata ba, gidanmu gaba ɗaya."

"Ku yi tafiyarku. Ka kai Yaya, ka kai shinkafa, ka kai katifa in kana so. Tamada ya cika mota da doya tun daga zuwa har dawowa. Ni da 'ya'yana muna nan."

"In kuma na ce sai ta tafi?"

Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"To ka fara ce wa mijin Yaya ya nemo wurin mutum biyu a Kaiama, don inda ta kwana nan zan kwana."

Ya ɗauki hularsa ya fita, daidai lokacin da aka kira la'asar.

Mufida ta zauna ta ba Jamilu nono. Sai yanzu hawayen suka zo. Ta yi salla, ta daɗe a zaune tana tunanin yadda za ta yi. Ta yanke cewa yau ba za su kwana a gidan ba. Za ta ɗauko Yasira daga wajen kitso ta wuce da ita gidan babanta, duk mai magana ya same ta can a gaban manya.

Ta goya Jamilu, ta zura hijabi. Tsakar gida ba kowa, sai kaskon kifin da ya ƙone da kayan da Sahabi ya bari a ɗaure. Inna tana ƙofar ɗakinta tana jan carbi, ko kallon Mufida ba ta yi ba. Ta leƙa waje, motar Tamada na nan a inda take. Hankalinta ya ɗan kwanta.

Tana fita ƙofar gida suka yi kiciɓis da Laraba mai kitso, hannunta riƙe da kibiya da ɗan kwalin Yasira.

"Yawwa Malama, gidanku za ni. Ga ɗan kwalin 'yar Inna, wurina tab baro shi."

"Ita tana ina? Kin gama mata?"

"Ina hwa na gama! Rabin kai ɗai niy yi, ɗaya gehen na nan a tsehe. Gwaggonta taz zo tac ce in bari haka nan, sauri su kai."

Mufida ta karɓi ɗan kwalin. "Wace gwaggon?"

"Ta Kaiama mana. Tun kahin a kira salla. Ni har na yi mamaki, nac ce ba gobe na tahiyar ba? Tac ce an sake shawara, jirgin marece za su bi."

"Laraba... ina suka nufa?"

"Mashin sunka hau, hanyar Zamare. Yarinyar na ta tambaya ina kike, gwaggon tac ce mata kina can bakin ruwa kina jiran su."